Notin Motar Malam Tanko

Ku yaran da ke zuwa rumfata yanzu, kowa da sabon akwatin sifana mai ƙyalli, an jera muku su daga shida zuwa ashirin da biyu, gani kuke kanikanci ya ƙare ke nan. A ɗauki sha uku a kwance, a ɗauki sha bakwai a ɗaure, a wanke hannu. Shekaranjiya wani daga cikinku ya dube ni ya ce, "Oga, ai noti noti ne." Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara. Amma maganar noti kada wanda ya taɓa mini, nan ban yi kuskure ba.

Sunana Haruna. Na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Agege ana saura shekara guda a ba mu mulkin kai, na fara da dakon huhun goro. A lokacin Bahaushe a nan sana'arsa sananniya ce: goro, shanu, fawa, ko gadi. Ranar da na ce zan koyi gyaran mota, mutanen zango dariya suka yi har da riƙe ciki. Wani mahauci ya ce, "Bahaushe da sifana? Ka dai zo in ba ka wuƙa."

Wanda ya karɓe ni shi ne Baba Lasisi, wani gajeren Bayarabe mai garejin da ke bayan layin dogo. Ya yi aikin motocin soja a zamanin yaƙin Turawa, ya kuma zauna a Zariya, saboda haka yana jin Hausa, sai dai sunana bai taɓa fita daidai a bakinsa ba. Aruna yake ce mini, in ransa ya ɓaci ya ƙara da Gambari, sunan da Yarbawa ke kiran Bahaushe da shi.

Shekarata ta farko ban taɓa inji ba. Akwai wata rabin ganga a bayan garejin cike da kananzir da tsofaffin notuna da bol, na motocin da suka mutu tun ban zo duniya ba. Aikina in tsamo su, in wanke, in rarraba cikin gwangwanayen madara, kowane da danginsa. In na yi kwana uku ina yi, sai Baba ya zo ya ɗauki ɗaya ya jefo mini.

"Rufe ido. Aruna, wane gari ya fito?"

Sai in shafa kan, in bi haƙoran da farce. "Ingila, Baba."

"Ingila ta ina? Mai manyan haƙora ko mai ƙanana?"

In na yi kuskure ba ya duka. Gwangwanayen zai ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya juye su cikin gangar, ya ce, "Oya, sake." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

A nan na san noti yana da gari, yana da dangi. Akwai tsohon awon Ingila, akwai awon inci na Amurka, akwai na keke mai haƙora sirara. Kuma sifanar Ingila ta da ba kamar taku ba ce. Taku in an rubuta sha uku, faɗin bakinta ke nan. Ta Ingila kuwa lambar da ke jikinta kaurin bol ɗin take faɗa, ba faɗin kansa ba. Shi ya sa wadda aka rubuta wa kwata, bakinta ya fi rabin inci na Amurka faɗi. Ka ga kwata ta fi rabi girma! Na yi wata biyu ina ganin Turawan nan ba su iya lissafi ba.

Baba ya koya mini abu biyu da har gobe da su nake ci. Na farko, in kana shakkar haƙoran bol, ka haɗa shi da wanda ka sani, haƙori cikin haƙori, ka ɗaga su sama ka duba. In haske ya ratsa tsakaninsu, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Na biyu, bol da yatsa ake fara sa shi. In ya yi juyi biyu ya cije, to magana yake yi maka, ka saurara. Wanda ya ɗauko sifana a nan ya kashe ramin.

Wata babbar motar shanu ce ta fara koya mini cewa kunnen ƙashi ba ya aiki a sana'ar nan. Tayar hagu ta yi faci, Baba ba ya nan. Na sa sifanar taya, noti ya ƙi. Na zura bututun ƙarfe na hau kai da ƙafa biyu ina tsalle, direban yana ta yi mini kirari. Sai ji na yi ƙas! Na faɗi a ƙasa, bol ɗin tayar ya karye. Ashe notunan tayar hagu na irin waɗannan motoci a baibai suke, ina ta ɗaurewa ne ina zaton kwancewa nake yi. Baba ya dawo ya ɗauki guntun ya saka mini a aljihun riga, ya ce in ya laluba bai ji shi ba kafin wata ya cika, in koma dakon goro. Da shi na yi salla, da shi na yi barci.

Shekara bakwai na yi. Ranar da ya sallame ni, abin da ake ce wa firidom a nan Ikko, aka raba goro, ya yi addu'a da Yarbanci, liman ya yi da Larabci, sannan ya miƙo mini jerin sifanun Ingila goma sha ɗaya a cikin tsumman buhu. Alhaji Sule, babban dillalin goro, ya ba ni aron wani ɗan fili a gefen gidansu na kafa rumfa. Mahaucin nan da ya ce zai ba ni wuƙa, shi ya fara kawo mini motar ɗaukar namansa. Kai, shekarun nan an yi aiki! Kusan duk motar da ke bin hanyar Abekuta 'yar Ingila ce, kuma babu noti a jikinsu da ban san sunan kakansa ba.

Sai shekarar da aka canza hannu ta zo, aka ce kowa ya koma tuƙi ta dama. Kuɗin mai kuma ya fara shigowa. Masu hali suka yi ta watsar da motocin Ingila masu sitiyari a dama, suna sayo na Faransa da Jamus da Japan. Duka awon mili ne, irin naku na yanzu. Ni kuwa ko sifanar mili ɗaya ba ni da ita, kuma girman kai ya hana ni nema.

Wani dillalin shanu ya kawo mini sabuwar motarsa 'yar Faransa, ko ledar kujera bai cire ba, wai in ɗaure masa bel ɗin inji. Notin sha uku ne. Na gwada rabin inci ta ƙi shiga, na sa kwata ta Ingila ta shiga da ɗan lilo. Na san akwai lilo, hannuna ya gaya mini, amma mutane na kallo. Na ja. Kan notin ya murje ya zama kamar ƙwallon dabino. Kafin la'asar labari ya kai kara, wato kasuwar shanu, kafin magariba ya kai masallaci: Haruna ya tsufa da motocinsa. Daga nan rumfata ta zama wurin shan iskar awaki.

Abin da na yi, ban san ko waninku zai iya ba. Ina da mata da 'ya'ya, na ɗauki ƙafa na tafi Oshodi wurin Yusufu, wani mutumin Damagaram da ya ƙware a motocin Faransa, na ce ya koya mini mili. Kun san mu Kanawa da Damagarawa akwai wasa. Ya tashi tsaye ya kira maƙwabtansa.

"Ku zo ku gani! Bawana ya zo da kansa, ban ko aika ba. To ɗan Kano, a nan ba a cewa sifana, kile ake cewa. Ce kile."

"Kile, ubangidan ƙarya."

"Madalla. Ga bulon can a tasa, abin da kuke ce wa bol, je ka wanke."

Na koma wankin noti da furfura a gemuna. Kwana uku a mako ina Oshodi, sauran ina rumfa ina korar awaki. A haka yatsuna suka koyi haƙoran mili.

Ana cikin haka Alhaji Sule ya aiko kirana. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Bai yi kwana-kwana ba.

"Haruna, filin nan zan gina siton siminti. Rumfarka ba ta aikin komai, kai ma ka sani."

"Haka ne, Alhaji."

"Amma akwai wata rigima da tsoho ya bar mini. Taso ka gani."

Tsohon shi ne mahaifinsa, Malam Tanko. Shekara da shekaru ana fama da shi ya je Makka yana cewa shi ba zai shiga abin da ba ya taka ƙasa ba. A shekarar nan ya yarda ya tafi, amma da sharaɗi: ranar da zai dawo, motarsa ce za ta ɗauko shi daga filin jirgi na Ikeja, ba ta kowa ba. Motar kuwa ya saye ta ne a hannun wani Baturen reluwe tun Alhaji yana yaro, kuma an ƙera ta tun kafin yaƙin Turawa.

Aka yaye tamfol a bayan gida. Baƙa ce, doguwar hanci, fitilunta a waje kamar idon kwaɗo. Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya. Na ɗaga murfin inji, sai na ga ta'asa. Wani bakanike ya taɓa buɗe ta shekarun baya, ya cire kan injin da famfon ruwa da murfin gefe, ya kasa mayarwa, ya gudu. Gwangwanin da ya zuba notunan kuma ya bi masu sayen tsohon ƙarfe.

Alhaji ya ce, "Saura kwana talatin alhazai su fara sauka. In ta tashi ta je Ikeja ta dawo, rumfa taka ce, in nemi wani wuri. In ba ta tashi ba, ka kwashe ƙarafanka. In kuwa ka ƙarasa kashe ta, to kada tsoho ya dawo ya same ka a Agege."

Na ce na ji. A raina kuwa murna nake, don motar Ingila ce, gidana ne. Na ɗauko kwata na ɗora a kan wani bol da ya rage a jikin injin, ta zauna daram, ba lilo ko kaɗan. Na ce alhamdu lillahi, kwana goma ya ishe ni.

Na yi mako biyu a kan abin da na sani. Na wanke fistan, na goge bawul, na yanka gaskit, na gyara kafireto, na kai lagireto aka toshe inda yake yoyo. Ranar haɗawa na kawo gwangwanayena na Ingila. Na ɗora noti a kan dogayen ƙarafan da ke riƙe kan inji, ya yi juyi biyu ya cije. Na canza mai ƙananan haƙora, ya cije. Na kawo na Amurka, ya cije. Na koma ramukan famfon ruwa da na murfin gefe, rami goma sha huɗu, babu wanda ya karɓi bol ɗina. Biyu daga ciki ma bakinsu a cinye yake, wato nan wancan bakaniken ya sa ƙarfi kafin ya gudu.

Na kwance ɗaya daga manyan bol ɗin da suka rage, na haɗa shi da na Ingila na ɗaga sama. Haske. Da na Amurka, haske. Kai na Ingila ne, sifanar Ingila ta kama shi, an rubuta Ingila a jikin motar, amma haƙoran ba na kowa ba ne. Na jefa shi a aljihu na yi kwana huɗu ina yawo da shi kamar mai laya.

Ranar Talata ina Oshodi ina wanke wa Yusufu kaya, na sunkuya, bol ɗin ya faɗo cikin tasa. Ina lalubo shi hannuna ya haɗo da wani notin mili goma. Ban yi tunanin komai ba, hannu ne kawai ya saba, na ɗora shi a kai na murza. Ya tafi. Juyi uku, huɗu, biyar, sumul har gindi, kamar an shafa masa man shanu!

Na yi ihu har Yusufu ya buga kansa a ƙarƙashin mota.

"Lafiya, ɗan Kano? Kunama?"

"Duba! Bol ɗin motar Malam Tanko ne! Notinka ya hau!"

Ya karɓa ya kwance ya sake ɗaurawa. Ya kawo kile sha bakwai ya ɗora a kan, ta yi lilo. Ya kawo sha huɗu, ta ƙi shiga. Ya dube ni.

"Wannan wane irin shege ne? Hular Ingila, wandon Faransa!"

Muka cika aljihu da notuna da bol na shida, takwas da goma, muka faɗa danfo, motar hayar Ikko. A bayan gidan Alhaji na goma suka hau dogayen ƙarafan nan da yatsa. Ƙananan ramuka suka karɓi na shida. Ina rawa, wallahi ina rawa, Yusufu yana cewa in gode wa Damagaram. Sai muka zo ramuka goma sha huɗun nan. Kaurinsu takwas ne, ido ma ya gani. Na sa bol takwas. Juyi ɗaya da rabi, ya cije. Yusufu ya gwada nasa, ya cije. Rami goma sha huɗu, babu ko ɗaya. Kuma babu bol ko guda na asali da ya rage a wannan layin da za mu gwada da shi.

Saura kwana tara. Alhaji ya gaji da ganina tsugune, ya aika aka ɗauko Baba Lasisi ba da sanina ba. Na gan shi ya shigo da sandarsa, na zube na gaishe shi. Ya leƙa ramukan, ya ɗora kwata a kan wani bol, ya ji ta zauna.

"Motar Ingila ce. Ramukan ne suka tsufa." Ya zaro ƙarfen yanka sababbin haƙora daga aljihun babbar rigarsa. "Ka faɗaɗa su duka, ka yanka na Ingila mai girma na gaba, ka ɗaure. Aikin yini ɗaya."

Na ce, "Baba, ba na Ingila ba ne. Mili ne a ciki."

"Mili? A motar da aka yi kafin a haife ka? Wa ya gaya maka, wannan ɗan Faransin?"

Yusufu da ke tsaye a gefena ya ce, "Ina wuni, Baba," ya ja da baya.

Na ce, "Baba, dubi inda ramukan suke. Bayansu hanyar ruwa ce, naman ƙarfen ba shi da kauri, ga tsatsa ta ci shi ta ciki. In na faɗaɗa ya ɓula, ruwa ya haɗu da mai, kuma babu irin wannan injin a Ikko."

"Aruna Gambari! Ni za ka koya wa hanyar ruwa?"

Alhaji ya sa baki. "Haruna, malaminka ne fa. Ka yi abin da ya ce mana."

Shekara bakwai da na yi a hannun Baba ban taɓa ce masa a'a ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Kai ka ce in bol ya cije magana yake yi. Ban gama jin abin da yake faɗa ba. Ba zan yanka ba."

Ya ajiye ƙarfen a kan madigadi, ya juya ya fita. Alhaji ya nuna ni da carbi.

"Kwana uku. In ba ka samo ba, Baba zai yanka, kai kuma ka fara kwance rumfa."

Washegari da hantsi ina tsugune gaban injin da aswaki a bakina, irin farin itacen nan da matan Yarbawa ke sayarwa ɗauri-ɗauri. Na ga datti a cikin wani rami, na cire aswakin na zura gindinsa in sakato. Sai ya kama. Na murza, ya shiga. Na ƙara murzawa, ya ƙara shiga. Na warware shi a hankali na fito da shi. Jama'a! Ga haƙoran ramin nan kwance a jikin itacen, layi-layi, tsaf kamar an zana da alƙalami. Abin da na yi kwana da kwanaki ina son in gani ido bai kai ba, ga shi a hannuna.

Na fere wani sabo daidai kaurin ramin, na sake ɗaukar hoton a rami mai lafiya. Na juye gwangwanaye a kan buhu na fara haɗawa ina ɗagawa sama. Na Ingila, haske. Na Amurka, kamar zai yi, amma wajen haƙori na shida ya fara hawa. Takwas na Yusufu, haske sosai, haƙoransa sun yi faɗi. Ban bar komai ba, har waɗanda hankali bai ba su ba. Sai na ɗauki ɗan ƙaramin bol shida na mili, wanda ko kusa bai kai kaurin ramin ba, na kwantar da shi a jikin aswakin. Ya zauna. Haƙori cikin haƙori, daga sama har ƙasa. Na ɗaga shi saitin rana, ko ɗigon haske babu.

Kaurin takwas, haƙoran shida, kan Ingila. Abin da ramin ke ta faɗa mini ke nan.

Na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, aswaki a sama. Masu goro suna tambaya wa ya mutu. Na ɗauki Yusufu a Oshodi muka wuce Mushin wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe. Na ajiye masa aswaki da ɗan bol a kan tebur. Ya dube su ya dube ni.

"Malam, nan ba a wanke baki."

"Oga, kaurin wannan itacen nake so, da haƙoran wannan ƙaramin, kai kuma ga sifanar da za ta kama shi. Guda ɗaya tak ka fara yi."

Ya auna itacen, ya auna bol ɗin, dariyarsa ta tsaya. Ya yanka ɗaya. Na koma Agege da shi a dunƙule a hannu, ban yarda da aljihu ba. Na ɗiga masa mai, na ɗora a rami, na murza da yatsa biyu. Ya wuce juyi ɗaya da rabi. Ya wuce uku. Ya tafi har ƙasa ya zauna. Na kwance na gwada a duk ramukan. Biyun da aka cinye wa baki ma akwai sauran haƙora masu kyau a can ciki, sai na sa aka yi musu nasu da ɗan tsawo.

Daga baya wani tsohon bakaniken reluwe ya ce mini wai injinan da aka ƙera irin wannan inji da su daga hannun Faransawa aka gaje su, sai aka bar haƙoran yadda suke, aka yi kan daidai sifanar da ke hannun kanikawan Ingila. Ko haka ne ko ba haka ba, ban je na gani ba.

Ana saura kwana uku, bayan la'asar, na zuba ruwa da mai, na ɗaura batir. Gidan ya cika, har matan cikin gida suna leƙe ta katanga. Yusufu ya zauna a sitiyari, ni na zura ƙarfen da ake juyawa ta gaba. Juyi na farko, tari. Na biyu, tari da hayaƙi. Alhaji ya duba agogo. Na tofa yawu a hannu na yi bisimilla na fizga. Ta kama! Ta yi wata girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sannan ta daidaita tana bugawa a hankali kamar mai daka a gida mai nisa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni ban tsaya murna ba, na kwanta a ƙasa ina bin ramuka goma sha huɗun nan da yatsa. A bushe suke, ko gumi babu.

Ranar saukarsu ni na tuƙa, don babu direban da ya yarda ya taɓa ta. Sitiyari a dama, hanya a dama, ina zaune saitin lambatun gefen titi, Yusufu a hagu yana leƙa mini hanya yana cewa, "Wuce! A'a, koma! Bakano zai kashe ni!" Sabuwar motar Alhaji 'yar Jamus tana biye da mu, sai motocin 'yan tarya har shida, duk sun rage gudu dole, don tsohuwa ce a gaba.

Malam Tanko ya fito da farar jallabiya da buta a hannu, ya rame amma idonsa garau. Alhaji ya buɗe masa ƙofar sabuwar mota ko zai manta. Ko kallo bai yi ba. Ya zo ya dafa hancin tasa, ya tsaya yana sauraren injin.

"Wa ya tashe ta?"

Alhaji ya ce, "Haruna ne, Baba. Mai rumfar nan ta gefen gida."

"Wadda na ji kana cewa za ka yi sito?"

"E to, da ma..."

"Siminti ya nemi wani wuri." Ya shiga baya ya zauna, ya shinshina. "Kun bar kaji sun shiga mini mota. Haruna, mu je, kada ka yi gudu."

Rumfar da kuke zaune a ciki ke nan. Kafin wata ya ƙare, masu tsofaffin motoci da masu sababbi duk sun dawo, don labari ya sake zagawa kara da masallaci, wannan karon wai Haruna da aswaki yake gyaran mota.

Baba Lasisi kuwa na je gidansa sau biyu da goro, aka ce ba ya nan, alhali ga sandarsa a bakin ƙofa. Na mayar masa da ƙarfensa ta hannun matarsa. Sai wata ranar Asabar da safe ina ƙarƙashin mota na ga ƙafafunsa da sandar. Na fito da sauri na zube. Ya zauna a benci, na ba shi goro ya ɓantara, ya tambayi iyali. Can ya sa hannu a aljihu ya jefo mini wani abu.

"Rufe ido. Aruna, wane gari ya fito?"

Na shafa kan, murabba'i ne, kusurwa huɗu. Na bi haƙoran da farce, na sake bi. Na daɗe.

"Baba, ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Kwanansa goma a garejina." Ya dogara sandar ya miƙe. "Oya, ɗauko itacen naka mu je."

Gangar tana nan a bayan rumfa, na zuba sabon kananzir, gwangwanaye kuma na wanke su. Wanda ya ce noti noti ne, shi zai fara gobe da safe.